Ramin da Baba Magini Ya Haƙa a Wata

Ƙin jin gyara ciwo ne, kuma shi ya kama Baba Magini bayan shekara arba'in yana riƙe da cokalin gini.

'Yarsa ce malamar kimiyya a makarantar da ke ƙarshen layinsu. Ta roƙe shi ya gina wa ɗalibanta wani yanki na duniyar wata a kan faffaɗan katako, da dogon dutse a tsakiya. Ta ce duwatsun wata sunayen masana ake sa musu, ko na duwatsun duniya, amma na wannan katakon yara sun ce sunan mai ginin za su sa masa. Baba ya ji daɗi har ya sayi sabuwar hula.

Ta ba shi hoton wurin. Ya kafe shi da ƙusa a bangon rumfarsa, ya kwaɓa siminti.

Bayan kwana biyu ta leƙo. "Baba, me kake haƙawa?"

"Abin da ke hoton mana. Rami."

"Dutse ne fa! A juye ka kafe hoton. Can babu itace, babu gida, inuwa kaɗai ke nuna tudu da kwari. Idan inuwar ta koma ɗaya gefen, sai ido ya ɗauki dutse rami ne."

"Ke, tun ba a haife ki ba nake raba tudu da kwari."

Inna, matarsa, tana shanya ta ce, "Malam, juya takarda ai ba zai karya maka hannu ba."

Bai juya ba.

Ran da aka kai katakon aji, Baba ya tsaya da sabuwar hularsa, yara suka kewaye shi. Wata yarinya ta ce, "Malama, ina dutsen? Wannan ai bahon wanki ne!" Aji ya kwashe da dariya.

Baba ya ciro hoton daga aljihu, ya juya shi a hankali. Yana kallo ramin ya taso, ya zama dutse. Sai ya miƙa wa 'yarsa hoton.

"'Yata, riƙe min hoton nan yadda ya dace. Ku kuma ku ɗebo min yashi."

Da hannuwan yaran aka tayar da dutsen a sabon katako, ya fito tsaf da inuwarsa. Suka sa masa suna Dutsen Malama. Tsohon katakon suka hana a jefar, suka rubuta a jikinsa Ramin Baba.

Ga abin da taurin kai ya ci masa: buhun siminti guda, aikin kwana shida, da sunan dutse sukutum. Hular dai tana nan a kansa.