Sista Ta Ce a Koma Gida

Ita ce ta matsa a yi tafiyar. Tela bai taɓa rufe shagonsa don hutu ba tun da ya buɗe shi, amma matarsa, wadda duk unguwa ke kira Sista saboda shekarun da ta yi tana aikin jinya, ta tsaya kai da fata sai sun je sun ga autarsu da ke aure a ƙasar waje.

"Keken ɗinkin ba zai gudu ba, Malam," in ji ta. "Mu ne za mu tsufa mu bar shi."

Ya yi ta kawo uzuri har uzurin ya ƙare. Ya lulluɓe keken da tsohon zane, ya bar makulli a hannun maƙwabci, suka tafi.

Hutun ya kusan cinye rabin shekara. Gidan Auta can saman bene yake, ɗakunan ƙanana, tagar falo tana kallon tashar jirgin ƙasa. An kai su bakin teku, Sista ta tuɓe takalmi ta taka ruwan, ta ce sanyinsa ko firji albarka. Sun taɓa ɓata a cikin gari su biyu, suka zauna a kan benci suna ɗora wa juna laifi har surukinsu ya zo ya ɗauke su. Jikansu kuwa, wanda harshen can ya fi kama bakinsa, Sista ta sa masa suna ango.

"Wannan miji nawa akwai rowa," takan ce. "Ko gaisuwa sai an roƙa."

"Ki dawo wurin tsohon naki mana," Tela kan ce. "Ni ai ban kore ki ba."

Da komawa ta matso, falon ya cika da akwatuna. Sista ba ta manta da kowa ba a tsaraba. Ga turare na matar mai shagon ƙofar gida, ga safa ta tsohon da ke fama da sanyin ƙafa, ga 'yan takalma na jariran da aka haifa suna nan. Ana cikin haka ta miƙo wa Tela rigar da za ta sa a jirgi, ta ce ya rage mata. Shi ya ɗinka rigar da hannunsa kafin su taso, kuma a lokacin ta zauna mata daidai. Yanzu da ya kama gefen, sai ya ga yadi ya cika masa hannu.

"Abincin nan bai karɓe ki ba," ya ce.

"Rage dai, Malam."

Ya zauna bakin taga ya rage da allura, zuciyarsa ba daɗi.

Washegari suna cikin wani babban kanti, Sista ta dafa keken zuba kaya, ta ce bari ta ɗan huta, sai ta zame ƙasa a hankali. A asibiti aka yi ta gwaje-gwaje. Likitar ta yi magana da Auta a harshensu, Tela yana kallon fuskar 'yarsa tana canzawa. Ciwon daji ne, kuma ya yi nisa. Da Auta ta fassara, Sista ko gezau ba ta yi ba, gyara ɗankwalinta kawai ta yi.

Auta ta zuba mata ido. "Mama, kin sani."

"Na sani. Tun kafin mu taso."

Likitar ta ce warkewa babu, amma idan aka fara magani a nan, za a iya ja da ciwon na wani lokaci. Surukin ya yi ta buga waya yana tambaya. Aka ce masa izinin zaman Sista za a iya ƙarawa saboda jinya, na Tela kuwa sai ya fita ya sake nema daga gida, kuma ba a yi alkawarin zai samu ba. Sista ta saurare su duka, ta ce ta gode, a ci gaba da ɗaure kaya.

Da aka sallamo ta, Auta ta tare mahaifinta a kicin ta tura ƙofa. Cikinta ya tsufa, tana tsaye tana dafe da ƙugu.

"Baba, kai kaɗai take jin maganarka. Ka ce ta zauna. Ni ba zan iya bin ku ba a haka, likita ta hana ni hawa jirgi. In ta tafi, shi ke nan, ba zan ƙara ganinta ba."

Ya ce zai yi mata magana.

Ya tarar da Sista zaune a bakin gado tana ninke zannuwa. Ya tsaya a gabanta.

"Me ya sa kika ɓoye mini?"

"Da na faɗa maka, da mun zo? Da muna can muna bin layin asibiti har yau. Na so in ga yarinyar nan tana dariya a ɗakinta, kuma na gani."

"Sun ce maganin zai ƙara miki kwana."

"Zai ƙara. Ni na sha ba mutane shi, na san irin kwanan da yake ƙarawa." Ta ajiye zanen a cinyarta. "Zan kwanta a ɗakin da ba na jin abin da ake faɗa a kaina, yarinyar nan tana jigila da tsohon ciki, kai kuma kana can kana jiran waya. Amma in ka ce in zauna, zan zauna. Ban taɓa ƙetare maganarka ba."

"Ke ɗin?"

"To, ban da 'yan lokuta."

Ya so ya yi dariya, hawaye suka riga ta. Ya zauna kusa da ita. Ya tuna 'yarsa a kicin, ya kuma hango kansa a jirgi da kujerar gefensa babu kowa. Bai iya rabe wanne ne tausayi wanne ne son kai ba. Can ya share fuska da hannun riga.

"Mu tafi gida," ya ce.

Auta ba ta yi masa musu ba, amma daga ranar gaisuwa kawai ke haɗa su. Ta tare a ɗakin mahaifiyarta, tana taje mata kai, tana yanke mata farce, suna hira ƙasa-ƙasa. Tela sai ya zauna a falo da jikan suna kallon jiragen ƙasa na shiga da fita.

A filin jirgi aka kawo wa Sista keken marasa lafiya. Ta ce ba za ta hau ba sai sun yi sallama a tsaye. Ta rungume Auta, ta ɗora hannu a kan cikinta ta yi addu'a, ta gaya mata ta riƙa ɗaga ƙafafu in sun kumbura, kada ta ɗauki abu mai nauyi. Auta ta riƙe mayafinta ta ƙi saki har ma'aikacin ya ce lokaci ya yi. Ta juyo wurin mahaifinta idanunta jawur.

"Allah ya kiyaye hanya, Baba."

Iyakar abin da ta ce ke nan.

Sista ta yi barci kusan duk tafiyar, kanta a kafaɗarsa. Kafaɗar ta sage, bai motsa ba.

Gidan ya tarbe su da warin rufi. Yanar gizo ta cika kusurwoyi, famfo ya yi ta tari kafin ya kawo ruwa ja. Sista ta sa aka buɗe tagogi duka, ta zauna a kujerarta ta tsakar gida ta sauke ajiyar zuciya. Kafin la'asar maƙwabta sun cika gidan. Ana ta sannu da zuwa, ana ce mata ta rame, tana cewa ai ramar masu hutu ce. Da hannunta ta miƙa wa kowa tsarabarsa. Wata ma ta zo da ɗanta mai zazzaɓi, Sista ta taɓa goshinsa ta leƙa maƙogwaronsa, ta ce a wuce da shi asibiti yanzu, kada a jira gobe.

Tela ya buɗe shago, amma bai karɓi ɗinki mai yawa ba. Da hantsi yakan dawo. Ya koyi juya ta a gado, ya koyi jera magungunan rage zafi yadda ta nuna masa, tana yi masa faɗa in ya yi kuskure kamar sabon ɗalibi. Tsofaffin abokan aikinta suna zuwa su yi mata allura, su zauna su yi ta tuna da. Ta kai 'yan watanni a haka. Ta ga jaririyar da Auta ta haifa a fuskar waya, ta ce hancin na Malam ne, Allah ya ba yarinya haƙuri. Bayan haka jikin ya tsananta. Wata safiya, yana riƙe da kofin da ta kurɓi ruwa a ciki, ta cika.

Da aka share makoki, gida ya watse, Auta ta kira shi.

"Baba, ta sha wahala?"

"Ta sha, can wajen ƙarshe. Amma ba ta firgita ba. Gidan ma bai taɓa rabuwa da mutane ba."

"Da ka ce ta zauna, wataƙila da tana nan har yanzu."

"Wataƙila. Babu ranar da ba na juya maganar."

"Ban ce ka yi laifi ba."

"Ko kin ce, ba zan musa ba, Auta."

Ya ji tana kuka a hankali, ya bar ta ta yi. Can jaririyar ta farka ta fara nata.

"Bari in ɗauke ta," in ji Auta. "Ka ci abinci kuwa?"

"Zan ci."

"Ka ci, Baba. Zan kira gobe in tambaya."