Rami na Huɗu

Kun gan ta. Kada wani a layinmu ya ce bai ga Goggo Gaik Lan ba ranar da ta zo zama a kujerar ƙofar gidanta ta kasa, ta tsaya rungume da ginshiƙi tana dariyar ƙarfin hali. Kuna zaune a shagon shayi, kowa ya mayar da ido cikin kofinsa. Ni na tsallaka titi na riƙe ta.

"Siew Kheng, sake ni, ni ba buhun shinkafa ba ce," ta ce. "Iska ce ta shiga bayana. In taimako kike so, raka ni wurin Sinse."

Sinse Yeoh, mai maganin gargajiyarmu na Sinawa, shi ke yi wa layinmu maganin kafa allurai a jiki tun ba a haife ni ba. Ni kuwa hutu na dawo Penang daga makarantar aikin jinya, kuma ban taɓa sakin jiki da shi ba.

Goggo ta kwanta rub da ciki. Ya sa babban yatsa yana laluben ƙashin ƙasan bayanta, inda suke cewa ramuka takwas, rabi dama rabi hagu. Ɓangaren dama ya gama ba gardama. Da ya koma hagu ya ƙirga a hankali: "Ɗaya. Biyu. Uku." Yatsan ya gangara, ya tsaya, ya dawo. Ya kafa allurai uku ya tsame hannunsa.

"Saura ɗaya," na ce.

"Na yau sun isa."

"A da dukkansu yake sa mini," Goggo ta faɗa daga cikin matashin kai. "Tsufa ya koya masa rowar allura."

Sinse bai yi dariya ba. Na bi shi bayan labule inda yake wanke hannu.

"Me ka taɓa?"

Ya daɗe yana murza sabulu. "Ramin can na ƙasa ya cike. Akwai abu mai tauri a wurin."

"Na huɗu kenan."

"Ke! Rufe bakinki, sabuwar shekara na bakin ƙofa!"

A yarenmu huɗu da mutuwa kusan sauti ɗaya ne. Dattijo mai furfura, ya gwammace ya tsallake ramin da ya ambaci lambarsa.

"Ka gaya mata?"

"Na gaya wa ɗanta tuntuni. Ya ce sai an fita bikin shekara."

Na sami ɗan, Beng Huat, a kan tsani yana rataye jan ƙyallen biki a saman ƙofa.

"Yaya Beng Huat, tun yaushe ka sani?"

"Oh, likitar gidanmu ta iso! Miƙo mini ƙusa."

"Asibiti ya kamata ta je. Yau."

Ya sauko, ya rage murya. "In suka kwantar da ita, a can za ta ga shekara. Kin san me ake cewa a kan wanda ya shiga shekara a gadon asibiti. Kuma in ta ji sunan ciwon, tsoro ne zai kashe ta kafin shi. Karatun naki bai haɗa da ladabi ba?"

Daga ranar na fara lura da ku. Wadda ba ta taɓa ba Goggo ko gishiri ba, ga ta da kwanon romon kaza. Kowa ya wuce sai ya ɗaga murya: "Goggo, kin yi fes! Bana shekararki ce!" Da ta juya baya sai ku kalli juna. Na gane babu gidan da maganar ba ta shiga ba, ita kaɗai aka kewaye.

Na same ta a kicin tana turara tikue, wainar shinkafar nan mai danƙo da take yi wa rabin layin duk shekara. A tsaye take aikin, tunda zama ya gagara. Kowa ya san ba a mugun baki kusa da tukunyar tikue, wai ba za ta kama jikinta ba.

"Goggo, ba iska ba ce. Akwai ƙari a ƙashin bayanki, a rami na huɗu. Yana iya zama daji."

Ta dube ni, ta dubi tukunyar. "A kan tikue ɗina, 'yar nan?"

Ta gyara murfin, ta goge hannu da zane.

"Wa kike tsammani yake kwana a kan abin? Ni na fara jin sa kafin Yeoh. Amma Beng Huat bai san na sani ba, kuma zai ci bikinsa da farin ciki. A fita biki, sai ki kai ni. Yanzu yanko mini ganyen ayaba."

Na roƙe ta, har na ɗaga mata murya. Ta ce in fita kar in ɓata mata saura.

Aka fita biki muka kai ta. Likita ya duba hoton, ya tambayi me ya sa sai yanzu. Ko da an zo da wuri da ta tashi? Ban sani ba. Ku ma ba ku sani ba, don ba wanda ya gwada. Ta rasu kafin sharar kaburbura da muke yi a watan Afrilu.

A zaman makoki na ji ku kuna raɗa, ga gyaɗa da shayi a gabanku. Wai tikue ɗin bana ta tsage. Wai bakin 'yar makarantar nan ne. Sinse ya zo ya kunna turarensa, ya rusuna, ya fita bai dubi inda nake ba.

Ku ce bakina ne, na ji. Kujerarta na nan a ƙofa, da tsohon matashin zama da ta yanke wa tsakiya don kar ya taɓa wurin.

Amma ga Kawu Teik Soon mai taliya a bakin layi. Yana juya ludayi da hannu ɗaya, ɗayan na dafe da ƙugu, kuma ya rame har ya huda sabon rami a bel ɗinsa. Kun gani, na ga kun gani. Gobe in kun je karin kumallo, ku ajiye tsinken cin abincin, ku tambaye shi tun yaushe, ku rufe masa rumfar, ku sa shi a mota zuwa asibiti.