Dutsen da Jumma Ta Kawo

Tun ba a yi gada tsakanin Gaya da Malanbil ba, lokacin da ake ƙetare kogi da jirgin fito, akwai wani mai gyaran keke a bakin kasuwar Gaya, ana ce masa Siddo. Ba shi da yawan magana, gemunsa ya soma furfura, kuma mutanen gari sun san shi da abu biyu, iya liƙin taya da tara duwatsu.

Tarin duwatsun ya samo asali ne wata ranar kasuwa cikin bazara. Ana tsakiyar ciniki da la'asar sai ga wata wuta ta keto sama daga yamma, tana jan farin hayaƙi, ta bi kogi ta yi gabas. Jim kaɗan aka ji rugugi kamar ana mirgina duro a kan tsauni. Awaki suka tsinke igiya, mata suka bar kwandunan albasa suka yi ta kansu. Washegari wani manomi daga Tunuga ya zo da baƙin dutse kamar dunƙulen hannu, ya ce a gabansa ya faɗo ya huda jinkar rumbunsa.

Usman, malamin lakkol, wato makarantar boko, wanda ake kira Mushe Usman irin kiran Faransawa, shi ya fara gane abin. Yana da wani littafin Faransanci mai hotuna da ya yi bayanin irin waɗannan duwatsu. Ya ce ba jifan aljannu ba ne, ba kuma gatarin aradu ba ne, gutsuren dutse ne da ya daɗe yana yawo can sama kafin ya faɗo duniya. Don ya tabbatar sai ya zo rumfar Siddo neman maganaɗisu. Siddo ya kwance tsohon dinamon keke ya ciro masa. Ana kai shi kusa da dutsen sai ya manne, ƙyas. Siddo ya ɗauki zarto ya goga gefe ɗaya, baƙin ɓawon ya tafi, cikin ya fito toka-toka da ɗige-ɗigen ƙarfe masu walƙiya. Ya daɗe yana juya shi a rana. Ranar bai ƙara taɓa taya ba.

Haka ƙungiyarsu ta haɗu. Kowace Lahadi bayan azahar suna zama a inuwar mangwaro bayan asibiti, su uku, ban da masu leƙowa. Na ukun shi ne Majo Hamani mai kula da asibitin, wanda ke da ma'auni da madubin ƙara girman abu. Majo ya auna dutse a bushe, ya sake auna shi rataye cikin ruwa, ya ce daga nan ake sanin ko ya fi dutsen ƙasa nauyi. Siddo ya yi guga da gwajin maganaɗisu. Mushe Usman ya shimfiɗa taswira ya ɗiga alama a inda aka tsinto kowane ɗaya. Sun aika da gutsure Dakar wurin masu bincike, amsa ta dawo cewa na sama ne. Sun yi musaya da wani ma'aikacin gidan waya a Damagaram, suka ba shi biyu daga nasu, ya aiko musu da wani curin ƙarfe da makiyaya suka tsinta a hamada, mai nauyin gaske, jikinsa duk loɓa-loɓa kamar an danna yatsa a ɗanyen tuwo. 'Yan gari suka sa musu suna 'yan dutse. Kullum sai an kawo musu tarkace, daga marmara har kashin maƙera, su gwada su mayar wa mai shi.

Wata Lahadi Mushe Usman ya sa yatsa a taswira ya ja shi ƙasa.

"Kun lura? Na kusa da mu ƙanana ne. Na Tunuga sun fi su, na Dole sun fi na Tunuga. Manyan su ke wucewa gaba. Uwar dutsen tana can ƙetaren iyaka, a ƙasar Ingilishi."

Siddo ya bi yatsan da ido. Can ɗin ne wansa Sha'ibu ya nufa tun zamanin aikin tilas. An kwashe samarin unguwarsu zuwa aikin hanyar Doso, Sha'ibu na ciki, Siddo kuwa bai kai ba. Wata rana faɗa ya haɗa Sha'ibu da wani gardi mai tsaron 'yan aikin, Sha'ibu ya ture shi, ya shiga daji. Wani masunci ya ce ya gan shi cikin kwalekwale ya yi gabas. Daga nan shiru. Innarsu ta yi ta ajiye masa tuwo a akushi har ta gaji da ajiyewa, ta yi ta fita bakin kogi ranar kasuwa har ƙafafunta suka daina kai ta. Ta rasu ba ta ji ɗuriyarsa ba. An soke aikin tilas, waɗanda suka gudu suka yi ta dawowa, ban da shi. Siddo ya tambayi fatake har ya ga sun fara kallonsa da tausayi, sai ya bari. Amma da maganar uwar dutse ta taso, ya koma bakin kogi duk ranar kasuwa, yana gaya wa masu jiragen gabas cewa duk wanda ya ga baƙin dutse mai nauyi ya kawo wa Siddo mai keke a Gaya. Yakan faɗi sunan nasa sau biyu, a hankali, don kada su manta.

Damina ta wuce, aka yi girbi. Sai ga Jumma a ƙofar rumfarsa. Jumma 'yar kasuwa ce mai fataucin bandar kifi, tana gangarawa har bayan Illo ta saro daga tungayen masunta. Ta kwance bakin zane ta dire masa wani dutse a kan benci.

"Ga saƙonka, mai keke. Ya kusa huda mini zane."

Siddo ya ɗauka. Baƙi ne, amma hannunsa ya baƙanta da ya shafa shi. Ya kai maganaɗisu, bai kama ba. Ya goga zarto, sai jar ƙasa ta zubo. Majo Hamani, da ya kawo kekensa gyara, ya leƙo ya yi dariya.

"Wannan ai dutsen murhu ne, Jumma. Har ƙaurin kifi yake."

"Ni ma na faɗa masa haka," in ji Jumma. "Ya ce in dai kai shi hannun Siddo, kada in ba kowa. Ya ce in yana son ganin inda babban ya faɗa ya zo da kansa."

"Wane ne?" Siddo ya tambaya.

"Wani dattijo a wata tunga bayan Illo. Baba na Tudu suke ce masa. Ban san sunansa na yanka ba, amma bakinsa na nan ne, har yaren Dendi ya yi mini. Ya tsare ni da tambaya kamar alƙali. Wai tsamiyar bakin mashaya tana nan? Wai har yanzu da hagu kake riƙe guduma?"

Siddo ya dubi hannunsa na hagu, zarton na ciki. Ya ajiye shi a hankali, ya zauna a kan benci.

Majo ya daina dariya. Da yamma ya dawo tare da Mushe Usman, suka kawo curin ƙarfen nan na Damagaram, wanda ba su taɓa bari ya fita daga akwatin asibiti ba.

"Tafi da shi," in ji Mushe Usman. "In mutane sun ga na gaske za su san abin da muke nema." Ya miƙa masa curin. "In kuma ba dutse ka samo ba, ba komai."

Siddo ya bi jirgin Jumma. Suka wuce Tunuga, suka wuce Dole inda iyaka ta raba gari biyu, kogi ya yi faɗi, tsibirai suka yawaita. Yana zaune a kan buhun gishiri yana ta shirya abin da zai faɗa, ya shirya ya warware. Sha'ibun da ke cikin ransa saurayi ne mai faɗin ƙirji, wanda ke ɗora shi a wuya ya ratsa ruwa da shi.

Tungar 'yan bukkoki ce a kan tudun yashi, hayaƙin banda ya lulluɓe ta. Jumma ta nuna masa wani tsoho zaune a gindin giginya yana ɗinkin taru, ba ya ko duban abin da yake ɗinkawa. Siddo ya matsa ya yi sallama. Tsohon ya ɗago kai, idanunsa sun yi fari kamar an ɗiga nono a ruwa.

"Sake yin sallamar," ya ce.

Siddo ya sake.

"Muryar Baba ce ka ɗauko. Matso nan, ta wajen rana. Ta gefen idon nan ina ɗan gani."

Siddo ya durƙusa. Sha'ibu ya karkata kai ya dube shi ta wutsiyar ido, ya kama fuskarsa da hannu biyu, ya shafa gemun.

"Har da furfura, Siddo?"

"Yaya," in ji Siddo. Duk abin da ya shirya a jirgi ya tsaya nan.

Sai da aka kawo ruwa, matar Sha'ibu ta zo ta gaishe shi, 'ya'ya suka zo ɗaya bayan ɗaya aka ce musu ga babanku ƙarami, sannan magana ta samu. Siddo ya ce dutsen da aka aiko ba na sama ba ne.

"Na sani. Daga murhun banda na ciro shi. Masu jirgi suka yi ta cewa wani Siddo mai keke a Gaya yana neman baƙin dutse. Na ce to, ga baƙin dutse."

"Me ya hana ka aiko da sunanka?"

Sha'ibu ya laluba ya ɗauki tarunsa, ya sake ajiyewa.

"Na ji tsoron in aika suna ka ƙi zuwa. Labarin rasuwar Inna sai da ya tsufa ya iske ni. Ina jin an daina kama mutane, ina ganin 'yan'uwa suna komawa, ni kuwa na rasa da wace fuska zan shiga gidan. In ce bana, in ce baɗi. Sai idon ya fara tafiya."

"Ba ta taɓa yin fushi da kai ba."

"Ai da ta yi, da ya fi mini sauƙi."

Ana jin mata na fasa itace. Can Siddo ya tambaye shi ko da gaske ya ga inda babban dutsen ya faɗa.

"Na gani, wannan ba ƙarya. Lokacin idon bai kai haka ba. Ina cikin kwalekwale sai ga wutar daga wajenku. Ta faɗa can tsakiyar gurbi, inda gora uku ba ta taɓa ƙasa, ruwa ya tashi ya fi giginyar nan. Mutane na salati, ni kuwa abin da ya zo mini shi ne, wutar nan ta bi ta kan gidanmu kafin ta iso nan. Ta ga tsakar gidan."

Siddo ya ciro curin ƙarfen ya sa masa a tafi. Hannun Sha'ibu ya yi ƙasa don nauyi, ya yi dariya. Ya bi loɓa-loɓan da babban yatsa, ya sa a kunci ya ji sanyinsa, ya tambayi abin da ya loɓa shi haka. Siddo ya gaya masa yadda Mushe Usman ya koya musu, cewa iska ce ke cin jikinsa da zafi lokacin da yake faɗowa. Ya ba shi labarin ma'aunin Majo, da taswira, da amsar Dakar. Bai taɓa yin doguwar magana irin ta ranar ba.

Da ya koma Gaya ya shaida wa abokansa cewa uwar dutsen tana ƙarƙashin kogi, ba mai ciro ta. Mushe Usman ya ɗiga alama a taswira, a tsakiyar shuɗin layin kogin, ya daɗe yana kallonta. Sannan ya ce, "Shi wan naka kuma fa?"

"Ya ce zai zo."

Ya zo ɗin, da rani, babbar 'yarsa Bibata na riƙe da sandarsa. A lokacin ko gefen idon ya rufe. Siddo ya zaga da shi gari yana faɗa masa abin da ke gabansu, nan kanti ne yanzu, nan tashar kamiyo, wato manyan motocin kaya, nan gidan su wane ne amma sun tashi. Ya kai shi kushewar Inna, Sha'ibu ya zauna a ƙasa ya yi addu'a har rana ta yi zafi. Ranar Lahadi ya zauna da 'yan dutse a inuwar mangwaro, suka yi ta miƙa masa duwatsu yana cankar na sama da na ƙasa, wani ya dace wani ya kuskure, ana ta dariya.

Siddo ya share masa ɗaki, ya roƙe shi ya zauna. Sha'ibu ya ce iyalinsa na can, kuma a tunga ya san inda kowane turke yake, ba ya bukatar jagora. A nan kuwa Gayar da ya sani ba ita ce ƙafarsa ke takawa ba.

Ranar tafiya Siddo ya raka su mashaya, ya riƙe shi har ya zauna a jirgin Jumma. Aka tura jirgi, ruwa ya juya shi. Siddo na tsaye a gaɓa ya ji wansa yana tambayar 'yarsa, "Bibata, ta ina garin yake?" Ta kama kafaɗunsa ta juyo da shi. Haka ya zauna, fuskarsa na duban Gaya, har jirgin ya sha kwanar tsibiri.