Irin Kuɓewar Sitti

Awa ɗaya na ce wa mijina Abu Laith ya riƙe min yara, in je a duba min haƙori. Awa ɗaya tak! Kwana tara ke nan da ba da hutun sanyi, ruwa bai ɗauke a nan Irbid ta ƙasar Jordan ba, yara uku sun kusa ɗage min rufin gida. Ni ke kafa musu tanti da barguna, ni ke raba faɗa. Shi kuwa yana gindin murhun kananzir yana latsa waya, kamar an dasa shi.

Ina sa takalmi na ce, "Komai kuka taɓa ku taɓa, ban da gwangwanin saman firji."

Irin kuɓewar mahaifiyata ne a ciki, 'yar gajera ta ƙauyenmu, wadda ba a samu a kasuwa. Kafin ta rasu a lokacin kaka ta ƙulle min shi a tsumma, bai fi cikin tafi ba, ta ce in shuka a saman gida in sanyi ya wuce. In ya salwanta, shi ke nan, babu wani.

Na dawo na tarar da gida tsit. Shirun ne ma ya faɗar min da gaba.

"Kin gani, Umm Laith?" in ji mijin nawa, har da ɗaga kafaɗa. "Ba ihu ba duka. A waya na ga dabarar. Kwali, ƙullun fulawa, wake da shinkafa. Su manna, ni in huta."

Sai idona ya kai kan darduma. Ga gwangwanin a buɗe, wayam.

"Nidal!" Na ma manta da wani Abu Laith, sunansa na yanka na kira. "Me na ce maka kafin in fita?"

"Ai na ɗauka masoro ne."

"Masoro a ƙulle cikin tsumma? Kai dai Allah Ya shirye ka! Abu ɗaya na roƙe ka, ɗaya!"

"'Yarki Tala ce ta ce in sauko mata da shi."

"Kai kuma ka miƙa mata ko kai ba ka ɗaga ba. Ina irin yake?"

Ya nuna min da haɓa. Wai sun jingina kwalin da murhu don ya bushe da wuri. Na fizge shi har na ƙone yatsa. Ƙasansa ya riga ya yi baƙi, yana ƙauri.

Fuska ce a jiki. Mayafin shinkafa, hancin wake. Riga da idanu duk irin kuɓewa ne. Tala, 'yata mai shekara bakwai, ta riƙe gefen rigata.

"Sitti ce, Mama. Da irinta na yi mata riga, don ta gane kanta."

Haka suke kiran kakarsu. Wallahi na so in yi ihu, na rasa wanda zan yi wa. Ƙullun da sauran danshi, in na bar ƙwayoyin irin a ciki ruɓewa za su yi. Na zauna a ƙasa da ƙaramin cokali, na fara ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya ina gogewa. Na ƙasa sun gasu, ba su da amfani. Tala na kuka, rigar kakarta na ƙarewa a gabanta.

"Haba, bar mata mana," in ji Nidal. "Kuɓewa ce fa kawai."

Kallo ɗaya na yi masa, ya ajiye wayar ya tafi neman tsintsiya. Har yau ban huce da wannan magana ba.

Goma sha tara na tsira da su. Saura biyu, manya, masu lafiya, sun fi duk sauran kyau. Na kai cokali.

Tala ta dafe hannuna. "Mama, ban da idon. In kin cire ba za ta gan mu ba."

Na ajiye cokalin. Kwalin yana saman firji yanzu, kusa da gwangwanin.