Ƙahon da Rabe Ya Yi Ranar Laraba

Shekara goma sha takwas Rabe bakanike ya yi yana jiran ranar da wansa, Alhaji Sulaiman, zai buƙaci jini. Ranar ta same shi wata Laraba da hantsi, yana kwance a ƙarƙashin wata bas a tashar Kawo. Aka kira shi a waya: Alhaji na asibiti, jibi za a yi masa aiki, kuma likita ya ce ba zai taɓa shi ba sai an kawo jini leda ɗaya. Jinin zuriyarsu irin wanda ba a cika samu ba ne.

"Allah ya ba shi lafiya, ina nan zuwa," in ji Rabe. Ya kashe waya, ya yi wata dariya da ta sa direban bas ɗin leƙowa.

Kada a yi saurin zaginsa. Ranar da matarsa Mero, 'yar baffansu, ta haifi ɗiyarsu Lubna, jini ya ɓalle mata. Rabe ya miƙa hannu, aka ce a'a, sati biyar kacal da ya bayar, doka kuwa sai an yi wata uku. Wa ya ba wa? Ɗan Alhaji Sulaiman, da ya yi haɗarin babur. Sai aka kira Alhaji. Ya iso daga Unguwar Rimi bayan awa biyu yana ta salati, nas ta tambaye shi ko ya yi ƙaho kwanan nan, ya ɗaga riga, ga shati ɗanye a bayansa. Aka sallame shi. Mero ba ta ga la'asar ba.

Daga baya Habibu wanzami ya yi suɓutar baki: ai bayan an kira Alhaji daga asibiti ne ya zo wurinsa yin ƙaho, yana cewa a yi sauri. Ƙaton mutum, mai sa hannu a takardun gwamnati, tsoron allura ya kai shi ga aska!

Rabe bai gaya wa kowa ba, ko Lubna. Ya zauna a Unguwar Shanu ya haddace dokokin ba da jini fiye da ma'aikatan asibiti, yana bin dangi ɗaya bayan ɗaya a ransa. Wannan hawan jini gare shi, waccan tana shayarwa, wancan ya yi ciwon hanta, ɗan Alhajin kuma yana Turai. Shi kaɗai ya rage, kuma wannan ya yi masa daɗi ƙwarai.

Ko hannu bai wanke ba ya nufi wurin Habibu, wanda yanzu duk furfura ta cinye.

"Ƙaho shida, Baba Habibu. Kuma a yi sauri."

Tsohon ya dube shi, ya kawar da kai, ya ɗauko aska.

A asibiti nas ta bi tambayoyinta. Zazzaɓi? Babu. Yana shan wani magani? A'a. Ƙaho ko tsaga? Rabe ya ɗaga riga a hankali, kamar mai nuna sabon ɗinki.

"Haba Malam! Yau yau? Ba mu san tsabtar askar ba. Sai bayan wata shida."

"Ikon Allah," ya ce.

Yana juyowa zai fita ya ga Lubna a kujerar ƙarshe, ta naɗe hannun hijabi, allura a jijiyarta, leda ta kusa cika. Ya nufe ta.

"Ke! Wa ya kawo ki nan?"

"Keke na hau, Baba. Sun auna ni, na wuce kilo hamsin, kuma na cika sha takwas tun watan jiya."

Shi da ya ƙirga kowace shekara ta wannan gaba, bai taɓa kawowa a ransa cewa shekarun yarinyar yake ƙirgawa ba. Baƙin ciki ya tokare shi, ya ji kamar ya fizge ledar. Ya tsaya yana kallon jinin na sauka, ja wur. Can sai fuskarsa ta saki.

Ya hau sama ɗakin da Alhaji yake. Ya same shi ya rame, idanu sun faɗa. Rabe bai yi sallama ba. Ya tuɓe riga, ya juya masa baya, ya bar shi ya ƙirga shatin har shida. Alhaji ya runtse ido.

"Kwantar da hankalinka, Yaya, an samu jini," in ji Rabe yana mayar da riga. Ya sunkuyo daidai kunnensa. "Na 'yar Mero ne. Da shi za ka tashi, da shi za ka yi salla, da shi za ka kwana. Allah ya ja kwananka sosai."