Fayil Mai Jan Layi

Karo na uku ke nan Nafi'u yana bin kantar daga sama har ƙasa, yana ɗaga fayiloli yana karkaɗewa, alhali ya san sarai abin da yake nema ba ya nan. Shekararsa shida yana kula da ɗakin ajiyar takardu na ƙungiyar manoman rani. A bakin ƙofa Baba Maharazu na zaune a kan benci, ƙafafunsa duk taɓon gona.

"Ɗana, bi a hankali," in ji tsohon. "Lambar gonar ɗari biyu da sha huɗu ce. Sai bayan la'asar kwamiti zai zauna."

Maƙwabcinsa ne ya matso da iyaka, ya cinye masa taku goma ta gefen hanyar ruwa. Taswirar da ke cikin fayil ɗin ce kaɗai za ta raba gardamar.

Dokar ɗakin ba ta da wuya. Takardun rabon taki da na kiran taro wa'adinsu shekara biyar ne, daga nan a jera sunayensu, shugaba ya sa hannu, a ƙona. Fayil mai jan layi a bango kuwa na gona ne, na dindindin, ba a taɓa shi. To, da damina rufin ɗakin ya yi yoyo, jan layin ya koɗe. Da lokacin tace tsofaffin takardu ya yi, gogan naka Nafi'u, don tsabar son jiki, bai buɗe fayil ko ɗaya ba. Duk wanda ya ga ya tsufa sai ya jefa a buhu. Ƙonawar ma ya ga asara ce, ya kai wa yayarsa Barira buhu biyu, ita da ke ƙulla irin tumatir da na attaruhu a takarda a kasuwar Bunkure.

"Baba, ina jin an fita da shi ne," ya ce, idonsa a ƙasa. "Bari in bincika."

"Allah ya yi maka albarka. Ni hankalina kwance yake. Abin da aka ba ɗan Malam Jaji ajiya ai ba ya ɓata."

Da jin sunan mahaifinsa, kunya ta rufe Nafi'u. Ya hau babur ya nufi kasuwa.

"Kai, lafiya? Kamar an koro ka," in ji Barira.

"Yaya, ina takardun nan?"

"Buhu ɗaya ya ƙare tun kafin dashe. Ɗayan na yayyanka na ƙulla, ga su nan."

Ya tsugunna yana kwance ƙullin ɗaya bayan ɗaya, yana juye irin a faifai, tana ta sababi, masu wucewa na tsayawa kallo. Kowace takarda da sunan wanda yake gaisawa da shi kullum, wata har da dangwalen yatsa. Can ya ci karo da wani yanki kamar tafin hannu, ga lambar ɗari biyu da sha huɗu, ga ɗan layin hanyar ruwa. Ɓangaren iyakar ya bi ƙullin irin wani mai saye, Allah kaɗai ya san gonar da ya nufa.

Da ya dawo daga kasuwa, ya tarar kwamiti ya zauna.

"Ina fayil ɗin?" in ji shugaba, Malam Sammani.

Nafi'u ya ajiye yankin a kan tebur, ƙamshin attaruhu na tashi daga jikinsa. Ya faɗi komai, har ƙaryar da ya yi wa tsohon ɗazu.

Baba Maharazu ya ɗauki takardar, ya hure ƙwayar irin da ta maƙale, ya juya ta.

"Ɗana, taku goman nawa suna ciki?"

"Ba sa ciki, Baba."

Tsohon ya ninke ta a hankali ya sa a aljihu. Da zagin Nafi'u ya yi, da ya fi masa sauƙi.

Bayan an watse, Nafi'u ya buɗe rajistar fita da fayil. A gurbin inda fayil yake, ya rubuta kasuwar Bunkure. A gurbin wanda ya fita da shi, ya rubuta sunansa da na mahaifinsa. Sannan ya koma wurin kantar neman fayil na gaba, ɗari biyu da sha biyar, ya ga ko shi ma ya bi buhu.