Katin Tsohuwar Ordinatar

Shekarata goma sha ɗaya ina gyaran wayoyi da ordinatar, wato kwamfuta, a Madawa, kuma babu abin da ke ɓata mini rai a sana'ar nan kamar in ga mutum yana zuba kuɗinsa a kan mataccen ƙarfe. Shi ya sa ranar da aka sauke wata ordinatar daga saman motar Buza, an naɗe ta da tabarma an ɗaure da igiyar guga, tun kafin a kwance na fara shirya kalmomin ban haƙuri.

Mai ita Madam Rukaiya ce, malamar lakkol, wato makarantar boko, a Babankatami. Za ta yi shekara arba'in da ɗoriya, tana magana a hankali kamar mai karanta wa yara darasi. Ta ce ta mahaifinta ce. Shi ne mai tsaron sito a wani faroje, wato shirin agaji, na gyaran ƙasa da aka yi wajen Tabotaki, lokacin da mata ke ɗibar duwatsu suna jera su a fako don tare ruwa. Da farojen ya tashi aka bar masa ita tukwici. Bai taɓa kunna ta ba, don gidansu babu kuran, wato wutar lantarki. Bara ya rasu, aka same ta ƙarƙashin gado da faifai guda a cikin jakar fata.

Na buɗe ta. Gidan zanzaro biyu na ciro, da ƙwayar gero da ban san ta inda ta shiga ba. Na share, na sauya batirin ciki, na kunna don dai kada a ce ban gwada ba. Sai ga tsohuwa ta yi tari ta tashi. Na ji kunya ƙwarai, don na riga na yi mata sallar gawa a zuciyata.

Da muka sa faifan, hoto ɗaya tak ya fito, a tsaye: mata a jere, kowace da dutse a kan gammo. Madam ta ɗora yatsa a kan ta uku.

"Wagga innata ta," in ji ta.

Fim ne na minti bakwai, amma ya ƙi motsi. Na kwashe shi na kai sabuwar ordinatar tawa, ya ƙi. Na kai waya, ya ƙi. Na aika wa wani abokina a garin Tawa da ke ganin ya fi ni sani, shi ma bayan kwana biyu ya daina ɗaukar kirana. Mutanen farojen sun yi fim ɗin ne da wani tsari wanda sai an cusa wa ordinatar wani kati na musamman yake buɗewa, kuma an daina ƙera katin tun ina rarrafe.

Na gaya mata gaskiya. Akwai wani Ɗanasabe a Yamai mai tsintar tsofaffin kaya daga kwantenonin Kwatano, ya ce zai iya samowa, amma kuɗinsa ya kai na tunkiya mai kyau. Yana iya zuwa a mace. Yana iya aiki, ordinatar ta mutu washegari. Ko ya yi aiki, ba shi da wani amfani a duniya sai wannan faifai ɗaya, kuma wa ya sani, ƙila a cikin minti bakwai ɗin wani bature ne ke ta surutu. Na ce in ta yarda in ɗauki hoton da wayata, in wanke mata babba, ta rataye a ɗaki, magana ta ƙare.

Ta saurare ni har na gaji da kaina. Sannan ta ce ita 'yar fari ce. Tun yaye aka kai ta wurin kaka, kuma uwar ba ta taɓa kallon ta ido cikin ido ba. In za ta kira ta sai ta ce "ke", in za ta ambace ta sai ta ce "waccan". Tana kwaleji a Buza uwar ta rasu, shekara guda bayan wannan fim.

"Na san kunya ta, Shamsuddin, ba ƙiyayya ba," ta ce. "Amma ban taɓa jin sunana bakinta ba. Ƙila gaban baƙi ta hwaɗi. Ka aika a kawo."

Ni ma ɗan fari ne. Sai na kira Ɗanasabe.

Sai da aka yi wata biyu katin ya iso, a naɗe cikin tsohuwar jarida, da tsatsa a gefe ɗaya. Kwana uku ina fama da shi ina zagin wanda ya ƙera shi. Rana ta uku da hantsi hoton ya motsa. Nan take na kashe, don ba ni ya kamata in fara gani ba.

Ta zo ranar Asabar bayan azahar. Na ja ƙyauren shago, na ba ta kujerata, na haɗa 'yar lasifika.

Kamar yadda na yi tsoro, minti huɗu na farko wani bature mai farar hula ne ke nuna ramuka da sanda yana Faransanci. Madam ba ta ko ƙifta ba. Daga nan aka juya wajen mata suna hutawa a inuwar ƙirya. Wani tafinta ya tsugunna gaban wata siririya mai wushirya, ya tambaye ta sunanta. Ta ce Husaina, ta rufe baki da gefen zane. Muryarta ƙarama ce, tana ɗan shaƙewa. Na ji Madam ta ja numfashi.

Ya tambaye ta 'ya'yanta nawa. Ta ce biyu. Matan suka kwashe da dariya, wata ta ce uku ne, ta ɓoye ta farin. Tafinta ya biye musu, ya ce to ina ta farin, kuma yaya sunanta.

"Waccan tana lakkol Buza," in ji Husaina, tana wasa da tsakuwa. "Ita ba ta ɗaukar dutsi."

Matan suka dame ta, hwaɗi sunan mana, ai bature ba ya jin Hausa. Ta girgiza kai, ta ƙara girgizawa. Sunan bai fito ba. Na saci kallon Madam, raina ya ɓaci, na fara jin haushin katin da Ɗanasabe da ni kaina da na kira shi.

Sai Husaina ta ɗago, dariyar ta bar fuskarta.

"Ku bar ni. In na hwaɗi kuka za ni yi gaban mutane. Yau wata huɗu da kwana tara ban gan ta ba."

Aka koma kan mai farar hula da ramukansa.

Na tsayar da fim ɗin. Madam ta daɗe tana duban tafin hannunta, hawaye na sauka ba ta share ba, ni kuma na duƙufa neman wani abu a cikin akwatin kusoshi wanda ba ya nan.

"Ashe tana ƙidaya," ta ce. "Maido mini wurin, ƙanena."